Filin Tambaya da Amsa: Shin makeron shanu yana kama hanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni tsohon malamin makaranta ne a yankin Auyo, kuma tun da na ajiye aiki na koma kiwo, ina da 'yan shanu da ba su wuce goma sha biyar ba. Bayan girbin shinkafa na sayo maruƙa biyu a kasuwar Maigatari, na haɗa su da nawa a dangwali ɗaya. Ba a yi wata guda ba sai na ga gashi yana zubewa a gefen idanunsu da wuyansu, wurin ya yi zagaye kamar kwabo, da wani farin ɓawo a kai kamar an barbaɗa toka. Yanzu abin ya kama maruƙa biyar da karsana ɗaya, kuma biyu daga ciki sun rame. Ɗana da ke karatun lafiyar dabbobi ya ɗebi jinin uku ya kai ɗakin gwaji a Kano, takardar ta dawo an ja layi a ƙarƙashin AST da GGT da ALP, wai sun haura ƙima, ALT kuwa yana daidai. Wani mai sayar da maganin dabbobi ya ce mini makeron ne ya shige ciki ya kama hanta, ya kuma lissafa mini allurai masu tsada. Shin gaskiya ya faɗa? Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu, Auyo, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a garken. Yadda ka siffanta ciwon ya yi daidai da makero, amma maganar cewa makeron ya shige ciki ya kama hanta ba ta da tushe, kuma ina roƙonka ka dakata da sayen alluran nan har ka karanta abin da ke tafe.

Abin da ke haddasa makero a shanu wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, wadda masana ke kira Trichophyton verrucosum. Abincinta shi ne sinadarin da aka gina gashi da saman fata da shi, wato ɓangaren da ya riga ya mutu, saboda haka a nan take tsayawa, ba ta bin jini ta tafi hanta ko huhu. Tana shiga cikin silin gashi ta raunana shi ya karye, tana faɗaɗa daga tsakiya zuwa gefe, shi ya sa tabon yake fitowa a zagaye. Daga ranar da dabba ta ɗauka zuwa ranar da tabo zai bayyana akan yi mako ɗaya zuwa huɗu, wanda ya yi daidai da lissafinka tun daga ranar kasuwar Maigatari. A dabbar da take ƙoshi, ciwon yakan warke da kansa cikin wata ɗaya zuwa huɗu, kuma wadda ta warke ba kasafai take sake kamuwa ba. Dalilin da ya sa ya fi yawa a maruƙa ke nan, manyan shanu da yawa sun riga sun yi shi tun suna ƙanana.

Kafin mu shiga batun jini, akwai ruɗanin da nake yawan gani a rugage da kasuwanni, wato haɗa makero da kirci. Kirci ciwo ne daban, ƙwayar bakteriya ce mai suna Dermatophilus congolensis ke kawo shi, wadda aka fara bayyanawa a ƙasar Kwango a 1915. Ya fi tashi da damina, yana tafiya tare da kaska, musamman koti, kuma yakan fara daga gadon baya, gashi ya dunƙule ya miƙe kamar bakin burushin fenti, ɓawon ya yi kauri, idan aka ɓamɓare a ga ƙarƙashinsa ja da danshi. Kirci yana jin allurar oksitetirasaikilin, wadda makiyaya ke kira LA, makero kuwa ko gezau ba ya yi da ita. Kankare ɗan ɓawo da gashi daga gefen tabo a duba a madubin likita yana raba gardamar cikin ƙanƙanin lokaci, kuma kuɗinsa bai kai na gwajin jinin da kuka yi ba.

Yanzu ga takardar. Waɗannan haruffa sunaye ne na sinadaran da ake kira inzayim, waɗanda suke aiki a cikin ƙwayoyin halittar gaɓoɓin jiki, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke yawo a jini idan lafiya lau ake. Idan gaɓa ta ji rauni sai su tsiyayo cikin jini, adadinsu ya hau. Hawan nasu yana nuna cewa an taɓa wani wuri, amma ba ya faɗin wanda ya taɓa shi, wani lokaci ma ba ya faɗin wurin da aka taɓa.

AST yana cikin hanta, yana kuma cikin tsoka da jajayen ƙwayoyin jini. Maraƙin da aka kayar da igiya yana fizge-fizge, ko wanda aka tsira wa allurar LA a cinya kwana biyu kafin ɗibar jini, AST ɗinsa zai iya hawa alhali hantarsa garau take. Haka kuma jinin da aka ɗauko daga Auyo zuwa Kano a motar haya cikin zafin rana, ba ƙanƙara, ba a kuma raba ruwansa da gudansa ba, ƙwayoyinsa sukan farfashe su ƙara adadin. Saboda haka likitan dabbobi ba ya karanta AST shi kaɗai, yakan nemi a auna wani inzayim mai suna CK tare da shi, wanda na tsoka ne zalla. In duka biyun sun hau, hankali ya fi komawa kan tsoka, in kuwa AST ya hau CK yana zaune, to a dubi hanta.

ALP yana fitowa daga hanyoyin ruwan maɗaciya, amma ƙashin da ke girma ma yana fitar da shi, don haka kowane lafiyayyen maraƙi yana da ALP da ya ɗara na uwarsa, kuma a shanu adadinsa yana da faɗin tazara ƙwarai, ba a cika dogara da shi ba. ALT kuwa, da ya kwantar maka da hankali saboda yana daidai, ma'auni ne mai amfani a mutum da kare da kyanwa, amma hantar saniya ba ta ɗauke da shi da yawa, tana iya lalacewa sosai ba tare da ya motsa ba. Waɗanda suka fi nuna raunin naman hantar saniya su ne GLDH da SDH, sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke auna su ba.

Akwai kuma tambayar da nake so ka yi wa ɗanka: ɗakin gwajin na mutane ne ko na dabbobi? Idan na mutane ne, to da ma'aunin ɗan'adam aka gwada sakamakon. AST na lafiyayyen mutum ba ya cika wuce 40 a kowace lita, alhali littattafan likitancin dabbobi suna ba saniya mai lafiya kimanin 60 zuwa 130. Ka ga ashe saniyar da ba abin da ke damunta ma za a ja mata layi a irin wannan takarda.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne GGT. A shanu shi ne mafi aminci wajen nuna cewa wani abu yana damun hanyoyin da ruwan maɗaciya ke bi a cikin hanta. Togaciya ɗaya ce: dakashi yana ɗauke da GGT mai yawan gaske, saboda haka jaririn maraƙin da ya sha shi yakan nuna adadin da ya ninka na babba sau da yawa, sannan ya riƙa sauka a hankali cikin makonni. Ba ka faɗi shekarun waɗanda aka ɗebi jininsu ba. Idan 'yan makonni ne da haihuwa, hawan alheri ne, shaida ce cewa sun sha dakashi. Idan kuwa sun haura wata huɗu ko biyar suna fita kiwo, ko kuma karsanar tana cikin ukun, to akwai abin bincike, kuma ba makero ba ne.

Gaskiya ne cewa masu bincike a ƙasashe daban-daban sun auna jinin maruƙa masu makero suka kwatanta da na lafiyayyu, kuma an sha samun ƙarancin sinadarin zink da wasu bitamin a masu ciwon, wasu kuma suka ga inzayim na hanta ya ɗan ɗaga. Amma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Fahimtata, bayan shekarun da na yi ina duba garake, ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanta ita ce rumbun da jiki ke ajiye bitamin A, ita ke ƙera furotin ɗin jini, ita ke tace guba. Dabbar da hantarta ta raunana, ko wadda rani ya hana ta ɗanyar ciyawa wata da watanni, fatarta da garkuwar jikinta sukan yi rauni, sai makero ya kama ta da sauri, ya bazu, ya ƙi warkewa a kan lokaci. Mai maganin da ya ɗora laifin a kan makero ya bar jaki yana dukan taiki.

A yankinku, wanda nake fara zargi shi ne tsutsar hanta, Fasciola gigantica. Kowane mahauci a kwata ya san ta: faffaɗa ce kamar ganye, tsawonta yakan kai santimita 7, kuma hantar da ta daɗe a ciki hanyoyinta sukan yi kauri su yi fari, har wuƙa ta riƙa ƙara idan ana yanka. Rayuwarta ba ta cika sai ta bi ta jikin wata 'yar katantanwar ruwa da ke son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sannan 'ya'yan su fito su manne a jikin ciyawar bakin ruwa suna jiran mai ci. Duk wanda ya san magudanan noman rani na kwarin Haɗejiya, da fadamun da kachalla ta toshe ruwa ya daina gudu, ya san cewa an tanadar wa wannan katantanwa masauki. Haka abin yake a Kadawa da Kura da sauran wuraren da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. Da rani kuwa, lokacin da tudu ya bushe, dukan shanun yanki a waɗannan wurare suke taruwa su ci su sha.

Idan saniya ta haɗiye su, ƙananan tsutsotsin sukan huda hanji su isa hanta, su yi makonni suna ratsa namanta suna barin rauni, kuma a wannan zango AST da GLDH ne ke hawa. Daga baya sai su sauka cikin hanyoyin maɗaciya su girma, suna shan jini suna goge bangon hanyoyin, a nan ne GGT ke tashi. Sai bayan kimanin wata uku zuwa huɗu da kamuwa ake fara ganin ƙwai a kashi, saboda haka gwajin kashi na farko yana iya fitowa babu komai alhali ɓarna tana gudana. Ka buɗe fatar idon waɗanda suka rame ka duba, in ta yi fari maimakon ja, jini ya yi ƙaranci. Ka shafa ƙarƙashin haɓarsu da sassafe, in akwai kumburi mai taushi kamar an ɗura ruwa, furotin ɗin jini ne ya faɗi, kuma wannan alama ce da tsutsar hanta da tsutsar ciki suke tarayya a kai.

Na biyu shi ne abincin da ake ƙara musu a gida. Dusa, da tunkuza, da angurya, da masarar da ta sha danshi a buhu, duk suna iya ɗaukar wata fumfuna daban mai suna Aspergillus flavus, wadda ke fitar da gubar afalatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sanadiyyar tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Hanta take nufa kai tsaye, tana kuma karya garkuwar jiki, kuma ƙananan dabbobi sun fi manya jin ta. To ka ga akwai fumfunar da ke lalata hanta, amma ta baki take shiga, ba ta fata ba. Mu Hausawa muna da ɗabi'ar cewa hatsin da ya lalace a ba dabba don kada a yi asara. Ka shiga ɗakin ajiyarka ka zura hannu cikin buhunan, duk wanda ya dunƙule, ko ya yi ɗumi, ko yake warin gumi, ka fitar da shi.

Akwai kuma hanyar da ciwon hanta yake fitowa a fata da gaske, kuma ina ambatonta don kada a ruɗe. Idan hanta ta kasa fitar da wani sinadari da ke samuwa daga koren ganye, yakan taru a jini, rana ta riƙa ƙona wuraren da fata ba ta da duhu ko gashi, kamar hanci da kunne da hantsa. Wurin yakan kumbura ya yi ja ya saluɓe, dabbar tana neman inuwa, sau da yawa da shawara a ido. Wannan bai yi kama da busasshen zagayen da ka siffanta ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo ya ga garken da idonsa, a kankari fata, a ɗebi kashi, a auna yawan jini, kuma a maimaita gwajin bayan mako uku ko huɗu tare da CK da albumin, wato furotin ɗin jinin da hanta ke ƙerawa, a haɗa da jinin maraƙi ɗaya ko biyu marasa tabo, tsararsu. Idan su ma GGT ɗinsu ya hau, ka ga magana ta fito fili cewa daga fadama ko daga buhu matsalar take. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato suna da ma'aunin da ya dace da shanu. In an tabbatar da tsutsar hanta, tirikilabendazol yana kashe ƙanana da manya, albendazol kuwa manyan kaɗai yake kashewa kuma ba a ba saniyar da ke farkon ciki. Ibamektin zalla ba ya taɓa tsutsar hanta, sai wanda aka haɗa da kulosulon, kuma ko wannan ba ya maganin makero. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Shi makeron kansa aikinsa na hannu ne. A ware masu tabo, a jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi da sabulu, a goge shi da burushi a tattara a ƙone, sannan a shafa aidin a kan tabon har a ɗan zarce gefensa, ana maimaitawa kullum ko bayan kwana ɗaya, tare da kaffa-kaffa kusa da ido. Irin ƙwayar yana daɗewa da rai a jikin itace da igiya wata da watanni, har fiye da shekara a wuri mai inuwa, don haka a ƙone tsohon dangwalin, a wanke turaku da komin abinci da ruwan bilic kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a mayar da maruƙan fili inda rana ke duka. A ƙara musu harawa mai kyau da dutsen lasa mai ɗauke da zink. Nan gaba duk abin da aka sayo daga Maigatari ko Wudil ko Dambatta a ɗaure shi gefe guda na mako huɗu. Akwai allurar rigakafin makero da aka ƙirƙiro a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda ƙasar Norwe ta yi amfani da ita tun wajen 1980 har ta kusa raba shanunta da ciwon, amma a wurinmu tsabta da warewa su ne abin da ke hannu.

TAMBAYA: Likita, a garinmu baƙin man mota ake shafa wa makero, wasu kuma suna narka ƙwayar girisiyofulbin ta mutane su ɗura wa maraƙi. Yana da illa? Daga wani mai kiwon turke, Garko, Jihar Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, yana da illa, kuma amsarka ta haɗu da ta sama. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarafa da sauran guba, shanu kuma suna lasar jikinsu da na junansu, saboda haka abin da aka shafa a wuya yakan ƙare a ciki, hanta da ƙoda su ɗauki nauyinsa. Ruwan batir da wasu ke shafawa ya fi muni, yana ƙona fata ya bar tabon da ke karya darajar ƙirgi a majema, batir kuma tushen dalma ne, wadda mutanen Zamfara suka ga ɓarnarta a yaransu a 2010. Abin da ya sa ake yabon baƙin mai shi ne ana shafa shi a kan ciwon da zai warke da kansa, sai ya karɓe yabon. Girisiyofulbin kuwa maganin makero ne na gaske, amma hanta ce ke sarrafa shi kuma yana iya wahalar da ita, yana nakasa ɗan tayi, ga shi Tarayyar Turai ba ta yarda a ba dabbobin da ake ci ko ake tatsa ba. Ga san da kake shirin kai wa kasuwa, aidin da burushi sun wadatar.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara takwas shi ke kula da maruƙanmu masu makero, yanzu wani ƙurji ya fito masa a ka, ya kumbura yana ruwa, gashin wurin ya zube. Daga shanun ne? Kuma za mu iya ci gaba da shan nonon? Daga wata uwa, Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Akwai yiwuwar daga shanun ne ƙwarai, domin makeron shanu yana kama mutum ta hanyar taɓawa, kuma a jikin mutum ya fi makeron da yara ke ɗauka a junansu zafi da kumburi, har a ɗauka maruru ne a nemi tsagawa. Kada a tsaga, kuma kada a shafa masa man nan na kanti da ake cewa yana maganin kowane ƙurji, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da kumburi ya bar ƙwayar tana yaɗuwa. Makeron ka ba ya jin shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, saboda haka ki kai shi asibiti, ki kuma gaya wa likita cewa yana hulɗa da maruƙa masu ciwon. Jinkiri yana iya barin tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba. A ware masa hula da matashi da tawul, kada a yi masa aski da askar da za a yi wa 'yan'uwansa, kuma babba ya karɓi aikin maruƙan yana sa safar hannu ko leda, yana wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Nono ba ya ɗauke da makero, sai dai a tafasa shi kafin a sha ko a kafa, saboda tarin fuka da bakkale da ke bin ɗanyen nono. Tafasawar ba ta kashe gubar afalatoksin da ke ratsowa cikin nono idan saniya ta ci dusa mai fumfuna, don haka ki duba buhun da ake ɗibar wa shanun tatsa kafin ki dama wa yara fura.